Ranar da Python ta ɗora wa Iya bashin biliyan ɗaya da rabi

Ni fa aikina a kasuwar Mile 12 da ke Legas shi ne riƙe wa Kawu littafin bashi a rumfar albasa, wa ya ɗauki buhu nawa, wa ya ba da rabi, wa ya ce sai ran Juma'a. Kodin kam, wato rubuta wa kwamfuta umarnin abin da za ta yi, ko a mafarki. Wani abokina da ke zaune Agege, mai yawan zuwa Yaba wajen 'yan harkar kwamfuta, shi ya sa min abin a rai, ya ce tunda ba ni da laftof in sauke manhajar Pydroid 3 a wayata in fara da Python, ɗaya daga cikin yarukan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su.

Wata biyun farko ɓata su na yi wallahi. Bidiyo kawai nake kallo a YouTube, cikin danfo, bayan isha'i, data na ta ƙonewa ni kuma ina ta gyaɗa kai wai na gane, amma ranar da na buɗe shafi fari fat na ce bari in rubuta nawa, ban da print, umarnin da ke sa ta nuna rubutu a allo, babu abin da ya zo min. Ashe duk kallo na iya, hannuna bai san komai ba.

Sai abokin nan ya ce kai malam bar mutanen bidiyon nan, rubuta abin da zai yi maka aikin rumfa. To nan ne abin ya fara shiga. Na ji tsoron turanci da farko don nawa na kasuwa ne, ashe kalmomin da Python ta keɓe wa kanta ba su kai arba'in ba, irin su if da for da while, sauran sunaye kai za ka raɗa. Ni da Hausa nake sa nawa, bashi, buhu, kudi, saura, kuma tana karɓa ba musu. Abin da ba ta yafewa shi ne tazarar farkon layi, ka matsa layi ɗaya ba daidai ba sai ta tsaya cak, a kan waya kuwa da manyan yatsu irin nawa wannan kaɗai ya ci min dare uku.

Na haɗa ɗan abu mai layi goma sha wani abu, yana tambayar tsohon bashi da sabo ya tara. Na kai wa Kawu ina ta ɗaga kafaɗa. Akwai wata Iya mai sayar da abinci a Ketu, ana binta 15000 ta sake ɗaukar na 20000, na shigar, wayar ta fito da 1500020000. Kawu ya cire tabarau ya duba ya mayar ya sake dubawa, ya ce ɗan nan, ko duk albasar Aliero ta kwashe ai ba ta kai haka ba, ɗauko min birona. Maƙwabtan rumfa har yau in sun gan ni sai su ce ga akawun biliyan.

Na kwana ina neman inda na yi kuskure. Abin da ya faru shi ne duk abin da ka shigar ta input, wato umarnin da ke karɓar abin da mutum ya rubuta, Python rubutu take ɗaukarsa ba lamba ba, to in ka ce ta haɗa rubutu biyu sai ta jera su kawai, 15000 a gaba 20000 a baya. Sai ka nannaɗe shi da int kafin ya zama lambar lissafi. Haruffa uku kacal. Na tabbata an faɗa a bidiyon da na kalla amma bai zauna min ba sai da aka yi min dariya.

Daga nan kuma na daina firgita da jan rubutun da ke fitowa in abu ya lalace, da can rufe wayar nake yi, yanzu layin ƙarshe nake fara karantawa don shi ke faɗin irin matsalar, sama da shi kaɗan kuma ga lambar layin da ta tsaya.

Kuskure na biyun ya fi ciwo. Na koyi ajiye lissafi a fayil don kar ya ɓace in na rufe, amma na buɗe fayil ɗin da "w" maimakon "a", shi kuwa "w" share na ciki yake yi ya fara sabo, "a" ne ke ƙarawa a ƙasa. Lissafin sati guda ya tafi. Allah ya so Kawu bai taɓa yarda ya ajiye littafinsa ba, daga nan na kwafo komai, bai ce min uffan ba, wanda ya fi faɗa zafi.

Yanzu na samu laftof na hannu a Computer Village da ke Ikeja, batirinsa sai a hankali, in an ɗauke wuta waya nake komawa. Kawu na nan da littafi da biro, sai dai da yamma in ya gama tara nasa yakan leƙo ya ce to akawu, nawa naka ya ba ka?