Kuloci ɗaya ya raba ni da garejin da na yi shekara shida a ciki

Satin da ya wuce na kwashe kayan aikina daga garejinmu, tun ranar kuma ake ta kirana ana tambaya wai me ya faru, to gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba faɗa muka yi da oga ba, ko murya ban ɗaga masa ba. Magana ce ta kuloci guda ɗaya da na ɗaura wata takwas da suka wuce, wanda har yau in na tuna sai in ji abin ya tsaya min a wuya.

Wani bawan Allah ne ya kawo Golf GTI Mk7 mai giyar hannu, an riga an taɓa masa kwamfutar inji an ƙara wa turbo iska. Motar daga kamfani ƙarfin juyin injinta 350 Nm ne (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin juyi), tasa bayan wancan aikin ta kai wajen 440, kulocin asali kuwa ba don wannan nauyin aka yi shi ba, sai ya fara zamewa. Na fita gwaji da ita, na sa giya ta biyar tana tafiya a hankali na take totur har ƙasa, allurar juyin inji ta tashi sama inji yana ihu amma motar tana nan yadda take, ga warin ƙauri ya cika ciki. Babu wani ɓoyayyen abu a nan, sai an canza kuloci.

A sito akwai wani kit, wato cikakken saitin kuloci, da wani ya sa aka yo masa oda ya ƙi dawowa ya karɓa, ya fi shekara yana shan ƙura. Faifansa na seramik ne mai ƙafa shida, babu sifirin ko ɗaya a tsakiyar faifan, ga firesha filet mai tauri, wato farantin da ke matse faifan, ga filaiwil mai gida ɗaya mara nauyi, wato ƙarfen da ke juyawa da inji wanda faifan ke kamawa, an rubuta Stage 4 ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Oga ya ce in ɗaura masa shi, ai daga yau ya yi bankwana da zamewa. Na ce oga anya bai yi wa motar nan yawa ba? Ya dube ni ya ce kai ka biya kuɗinsa ko ni? Na ja bakina na yi shiru. Wannan shirun shi ne nawa laifin kuma ba zan ɗora wa kowa ba, don mai motar yana tsaye a bakin ƙofa yana danna waya, taku goma ne tsakanina da shi, amma ban je na tambaye shi ina yake zuwa da motar nan kullum ba. Ashe mutumin nan bai taɓa shiga filin tsere ba, ofis yake zuwa, awa guda a gosulo da safe awa guda da yamma, matarsa ma tana jan motar.

Ko wata ba a yi ba ya dawo ransa a ɓace. In zai tashi daga tsaye motar sai ta yi ta karkarwa kamar mai zazzaɓi, ko ta zabura ko ta mutu, babu tsaka-tsaki. In ya tsaya a danja giyabos yana wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, da ya taka kuloci ƙarar ta ɗauke, da ya saki ta dawo. Ƙafarsa ta hagu ciwo take, matarsa ta ajiye makulli ta ce ba ta ƙara ja. Daga ƙarshe feda ta fara nutsewa ƙasa.

Da na sauke giyabos na ga komai da idona. Fuskar filaiwil ta yi tabo-tabo shuɗi inda wuta ta ci, saboda a gosulo dole mutum ya riƙa riƙe kuloci rabi-rabi, shi kuma seramik ba ya son haka, shi dai a kama ko a saki, in ka matsa masa sai ya huce a kan ƙarfen da yake guga. Sannan ga mai yana ɗiga daga silindar da ke tura kuloci, wadda a motar nan haɗe take da rilis beyarin, wato beyarin da ke sakin kuloci in an taka feda, a can cikin gidan kulocin. Tsohuwa ce na bari a wurin lokacin aikin farko don oga ya ce a rage kashe kuɗi, sai ga shi an ɗora mata firesha filet da ya fi ƙarfinta. Abu ɗan ƙarami da ba a iya canza shi sai an sauke giyabos gaba ɗaya.

Ita ƙarar giyabos ɗin ma da na tsaya na yi tunani da na hango ta. Motar ta zo ne da filaiwil mai gida biyu, irin wanda kamfanin LuK ya fara fitarwa a 1985, ƙarfe biyu ne da sifirin a tsakaninsu, aikinsu su shanye bugun da inji ke yi duk lokacin da silinda ta tashi kafin ya kai ga giya. Shi ya sa za ka ga faifan da ke zuwa da irin wannan filaiwil sau da yawa ba shi da sifirin, don an riga an yi aikin a baya. To in ka cire shi ka sa mai gida ɗaya, dole faifan ya zama mai sifirin a tsakiya. Ni na cire mai gida biyun kuma ban kawo faifai mai sifirin ba, duk bugun ya tafi kai tsaye kan haƙoran giya. Na san wannan tun ina yaron gareji, wallahi na sani.

Abin da ya fi ƙona min rai ya zo ne bayan nan. A gaban mai motar oga ya girgiza kai ya ce yallaɓai ka yi haƙuri, yaran nan ba sa jin magana, sai da na ce masa ya duba da kyau. Ina tsaye riƙe da faifan a hannu, sauran yara suna ji, babu wanda bai san yadda aka yi ba, kowa ya sunkuyar da kai. Ƙarshen wata aka cire kuɗin aiki na biyu daga albashina. Kuɗin bai dame ni kamar kalmar yaran nan ba, bayan shekara shida ina buɗe garejin nan da safe ina rufe shi da dare.

Aiki na biyu ni na zaɓa kuma ban nemi shawarar kowa ba. Na zaunar da mai motar na yi masa tambayoyin da ya kamata in yi tun farko, har da ko yana da niyyar ƙara girman turbo nan gaba, ya ce a'a. Na mayar masa da sabon filaiwil mai gida biyu, faifan oganik, wato irin na motocin yau da kullum, cikakke mai ƙwari, firesha filet da ya ɗara na asali matsi, wanda aka rubuta zai ɗauki sama da abin da injinsa ke bayarwa da ɗan rata, da sabuwar silinda. Na ce ya yi kilomita 800 a hankali cikin gari, kar ya zabure ta, har faifan ya zauna.

Ga masu shigowa harkar, lambar Stage ɗin nan ba ma'auni ba ce, kowane kamfani da yadda yake lissafin nasa, Stage 2 na Exedy daban na Clutch Masters daban, ku duba ƙarfin juyin da aka rubuta. Ƙarfin juyi ake dubawa ba ƙarfin doki ba, kuma ku lura ko da Nm aka auna ko da ɗaya ma'aunin, lb-ft, don lb-ft ɗaya kusan Nm 1.36 ne, sannan a inji aka auna ko a taya. Faifan da aka yi da zaren Kevlar yana daɗewa amma in ya sha wuta ya yi santsi da wuya ya dawo. In ƙarfin ya yi yawa sosai kuma mutum yana son feda mai laushi, kuloci mai faifai biyu ya fi, fuska huɗu ke kamawa maimakon biyu ba sai an ƙara matsi ba. Kuma in babba ya sa ku ɗaura abin da ba ku yarda da shi ba, ku sa a rubuta a takardar aiki waye ya zaɓa.

Mai Golf ɗin ya kira ni shekaranjiya da ya ji na bar wurin, ya ce kulocin lafiya lau, matarsa ta koma jan motar, yana tambaya ina zan koma don akwai abokinsa mai Subaru WRX da kulocinsa ya fara zamewa. Ban taɓa faɗa masa waye ya zaɓi na farkon ba, amma daga yadda ya yi maganar ina jin ya gane. Filaiwil ɗin da ya ƙone na taho da shi, yana cikin akwatin kayan aikina ƙarƙashin sifanoni.