Abin da na binne a Gwammaja, shi aka ce in tono

Tun ina aji biyar a sakandare na saba da goge saƙo kafin in ajiye waya. A gidanmu na Gwammaja wayar 'ya mace ba ta da sirri, Yaya kan ɗauka ya duba duk lokacin da ya ga dama. Shekara bakwai muka yi muna soyayya da ƙawata, hotonmu ɗaya ne a duniya, shi ma na biki, muna cikin anko a tsakiyar mata sun fi ashirin. Da wannan taka-tsantsan na rayu a Kano. Ranar da na nemi mafaka a Ingila kuma, sai aka ce in kawo hujja.

Yadda asiri ya tonu ba shi da daɗin faɗa. Wata maƙwabciya ta ga abin da ta gani, kafin la'asar magana ta isa majalisar ƙofar gida. Na sha duka, an kawo mai ruƙiyya, sannan aka sa min rana da wani abokin Yaya. Ina zan kai ƙara? Dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, shekara 10 ga nuna irin wannan soyayya a fili. Ga kuma dokar shari'a da Kano ta ɗauka a 2000. Gwaggona ce ta sayar da gwal ɗinta ta cika min kuɗin wani gurbin karatu da na daɗe da samu. Ba ta tambaye ni komai ba. A filin jirgin Malam Aminu Kano cewa kawai ta yi, "Je ki, 'yar nan, Allah ya san komai."

Karatun bai yi nisa ba kuɗi ya yanke, saƙonnin Yaya kuwa ba su yanke ba. A farkon 2023 na miƙa kaina ga hukumar Ingila, na nemi mafaka. Aka ɗauki hoton yatsuna, aka ba ni katin shaida, aka kai ni wani gari a arewacin Ingila, gida ɗaya da mata uku da ba ma jin yaren juna. Fam 45 a mako, ba izinin aiki. Ni da nake sarin atamfa a Kantin Kwari ina sayarwa ta WhatsApp, na koma lissafin albasa ɗaya ɗaya.

Lauyata ta yi min bayanin cewa yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta shafi irina, kuma tun 2010 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa ba a ce wa mutum ya koma gida ya ɓoye halinsa don ya tsira. To amma sai hukuma ta yarda cewa ke ɗin ce. Ga shi duk wata shaida ni na goge ta da hannuna. Saura baki.

Bakin kuma sai da tafinta. Nan ne cikina ya ɗuri ruwa, domin Hausawan Ingila ba su da yawan da magana za ta ɓata a cikinsu. Idan ta fita yau, gobe tana Ƙofar Mazugal. Na roƙi a ba ni mace, kuma ana da wannan damar. Ranar ganawar aka zo da wata dattijiya, daga gaisuwa na ji Hausar Zazzau a bakinta. Aka tabbatar min abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita. Jami'ar ta tambaya yaushe na gane, yaya na ji, yaya na haɗa wannan da addinina. Sa'o'i muka yi. Da aka zo kan sunan abin, sai harshena ya ƙi. Kalmar da muke da ita ita ce maɗigo, kuma ban taɓa jin ta a bakin kowa ba sai tare da tofar da yawu. Ni ban taɓa kiran kaina da ita ba. Na ce, "Hajiya, ki ce musu ina son ta ne. Tun muna yara nake son ta." Matar ta fassara ba ta ɗago kai ba. Da aka ba mu hutu ta turo min kofi ta ce, "Sha ruwa, ƙanwata." Har yau ban san abin da ke ranta ba.

Bayan wata da watanni takarda ta zo: izinin zama shekara 5, da kwana 28 in bar gidan da aka ajiye ni. Yanzu ina aiki a gidan kula da tsofaffi, ina da ɗaki nawa da mukulli nawa. Ina sallata, ina azumina. Nakan yi tafiyar awa guda a jirgin ƙasa don kuka da daddawa, amma idan na ji Hausa a bas sai in sunkuyar da kai, alhali kunnena na bin hirar kamar mai jin ƙishi. Da Sallah ana taron 'yan Arewa, sau biyu ina ɗaura ɗankwali in kwance. Ƙawata an aurar da ita, tana Fagge da ɗa ɗaya. Ina da lambarta a ka, ba na kira, don na san waye zai iya ɗauka.

Watan jiya ƙanwata ta turo saƙon murya daga wata baƙuwar lamba, na daƙiƙa shida. Umma ce. Ba ta kira sunana ba, dama ba ta kira, ni ce 'yar fari. Ta ce, "An ce can akwai sanyi. Kina dai cin abinci ko?" Yatsana ya kai kan wurin gogewa da kansa. Na janye shi, na sake saurare.