Wasiƙa daga Braemar, ƙauyen da ke tsakanin duwatsun Sikotland

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki na Katsina da kewaye. Ina lafiya, alhamdu lillahi, kuma ina fatan wannan wasiƙa ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Tun ranar da na tura hoton titin da nake zaune, wanda dusar ƙanƙara ta rufe har bakin ƙofa, tambayoyi iri ɗaya suke ta zuwa mini: shin dama a Turai akwai ƙauye, ta yaya mutum yake rayuwa a irin wannan sanyi, kuma me ya raba ni da birni ya kai ni cikin duwatsu? Na ga gara in amsa wa kowa a wuri ɗaya. Niyyata ita ce in yi bayanin sanyi, da abinci, da wahalar takardun zama, da bikin wasannin gargajiya da suke yi duk shekara, gwargwadon yadda lokaci ya ba ni dama.

Karatun ilimin gandun daji ne ya kawo ni birnin Aberdeen da ke gabar teku a arewa maso gabashin Sikotland, aikin fili kuma ya dawo da ni Braemar, wanda yake da nisan kilomita 90 da 'yan kai yamma da birnin. Motar haya takan ci fiye da awa biyu tana bin gefen kogin Dee, ta ratsa Banchory da Aboyne da Ballater, ta wuce kusa da Balmoral, gidan hutun sarautar Birtaniya inda Sarauniya Elizabeth ta rasu ranar 8 ga Satumba, 2022. Mutanen ƙauyen ba su kai dubu ɗaya ba. Gidajensu na dutse ne mai launin toka, wani rafi mai suna Clunie ya raba garin gida biyu kafin ya zuba a cikin Dee, kuma duk inda mutum ya juya dutse ne yake kallonsa. Tsayin wurin daga teku mita 339 ne kawai, wato bai kai ko sulusin tsayin Jos ba, balle a yi maganar Gembu da ke kan tsaunin Mambila. Saboda haka abin da ya sa sanyinsa ya yi suna shi ne nisansa can arewacin duniya, da kuma zamansa a cikin kwari, domin iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, idan dare ya yi kuma sama ta washe sai ta gangaro daga kan duwatsu ta kwanta a kan garin kamar ruwa a cikin ƙwarya.

A nan ne aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin Birtaniya, digiri 27.2 ƙasa da sifili, ranar 11 ga Fabrairu, 1895, aka sake auna irinsa ranar 10 ga Janairu, 1982. A Fabrairun 2021 ma ya kai digiri 23 ƙasa da sifili. Na san waɗannan alƙaluma tun kafin in zo, amma jiki magayi. Sanyin hunturu na gida yana zuwa da ƙura, ya fasa leɓe da dunduniya, hantsi na yi kuma mutum ya cire rigar sanyinsa ya ci gaba da harkarsa. Na nan ba ya sakin mutum ko da rana tsaka. A makona na farko na shanya riga a waje bayan sallar Asuba, da na je kwashewa na tarar ta sandare kamar busasshiyar fata, har tana iya tsayawa da kanta idan an jingina ta da bango. Gashin cikin hanci yakan daskare da numfashin farko, yatsu kuma su daina jin mabuɗi a cikin aljihu.

Wata dattijuwa da muke maƙwabtaka ce ta zaunar da ni ta koya mini abin da littafi bai koya mini ba. Ta nuna mini cewa riga uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri riƙe ɗumi, cewa auduga tana shan gumi ta sanyaya jiki don haka ulu ake sa wa a ciki, kuma kada in kashe na'urar ɗumama ɗaki gaba ɗaya idan zan yi tafiya. Wannan shawara ta ƙarshe ban ba ta muhimmanci ba saboda tsadar mai, domin yawancin gidajen nan da wani mai irin kananzir ake ɗumama su, wanda tanka take kawowa ta zuba a babban tanki a bayan gida. Na kashe na tafi Aberdeen kwana uku, na dawo na tarar ruwan cikin bututu ya daskare ya fasa shi, kicin ya cika da ruwa. Kuɗin gyaran ya ninka abin da na so in tara sau da yawa. Duk wanda zai zo karatu ko aiki a wannan yanki, ya sa kuɗin ɗumama ɗaki a lissafinsa daidai da kuɗin haya da na abinci, kada ya bar shi a matsayin abin da za a duba daga baya.

Bayan sanyi akwai duhu, kuma shi ya fi taɓa mini zuciya. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe tara saura, ta faɗi da misalin uku da rabi, kuma ko a tsakanin nan ba ta hawa sama, sai dai ta bi gefen duwatsun kudu tana leƙe. Azahar da La'asar da Magariba duka sukan shigo cikin awa uku da rabi, ta yadda alwala ɗaya takan ishi mutum, wanda hakan rahama ce ga mai aiki a daji. A nan ne na fahimci darajar babin shafa a kan huffi da muka karanta a Risala muna yara, muna ganin kamar hukunci ne na wasu mutane can daban. Idan Yuni ya zo sai al'amarin ya juye, rana ta kai bayan ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba, shafaƙi kuma ya ƙi ɓacewa har gari ya waye, sai mutum ya koma bin jadawalin da masallatan Aberdeen suke fitarwa. Babu masallaci a ƙauyen, sallar Juma'a tafiya ce ta yini guda. Akwai kuma ƙofar ƙarfe a kan babban titin da ya nufi kudu, wadda ake rufewa idan dusar ƙanƙara ta yi yawa, domin titin yana hawa har mita 670 a mashigar Cairnwell, babu wani babban titi a Birtaniya da ya kai shi tsayi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne duwatsun kansu. Da na fara ganinsu tsirara, babu itace sai wani gajeren tsiro da bai wuce gwiwa ba, wanda yake yin fure mai launin shunayya a watan Agusta, na ɗauka haka Allah ya halicce su tun fil'azal. Can ƙololuwa, irin kan Ben Macdui mai tsayin mita 1,309, wanda shi ne na biyu a tsayi a duk Birtaniya, gaskiya ne iska da sanyi ba sa barin itace ya tashi. Amma gangaren da ke ƙasa da kwaruruka a da kurmi ne na itacen fain na asalin ƙasar, wani dogon itace mai ganye kamar allura, kuma hannun ɗan Adam ne ya mayar da su fili. An sare itatuwa an sayar da katako, an kashe kyarkeci har ya ƙare a ƙasar ƙarnuka da suka wuce, sannan a ƙarni na 18 da na 19 masu manyan filaye suka tashi talakawa manoma daga kwaruruka don su samu wurin kiwon tumaki da farautar barewa. Na taka zuwa kwarurukan Glen Ey da Glen Lui na ga kufan gidajensu, duwatsu jere a cikin ciyawa, ana iya gane inda ƙofa take da inda aka killace dabbobi. Na daɗe a tsaye a wurin, domin duk wanda ya taɓa ganin kufai a ƙasarmu ya san irin shirun da yake da shi. Harshen Gelik da mutanen suke magana da shi ma ya bar bakin 'yan wannan kwari, sai a sunayen duwatsu da rafuka ake jin sa.

Barewar nan ja ce, namijin ya kai girman ɗan maraƙi, da ƙahoni masu rassa. Da babu mai cin ta, kuma masu filaye suna son ta yi yawa saboda attajiran da suke biyan kuɗi su yi farauta, sai ta yawaita har ta kai ga duk ɗan itacen da ya tsiro ta cinye kansa kafin ya kai kamu ɗaya. Aka wayi gari sai tsofaffin itatuwa kawai suka rage, masu shekara 200 zuwa 300, suna zubar da iri kowace shekara amma babu na baya da zai gaje su. Mutanen nan suna kiransu kakanni mata, kuma sunan ya dace da su.

A shekarar 1995 ƙungiyar adana kayan tarihi da muhalli ta Sikotland ta karɓi gandun Mar Lodge da ke yamma da ƙauyen, fili mai faɗin kimanin hekta 29,000. Babban abin da ta yi shi ne rage yawan barewa sosai a ɓangaren da take son kurmi ya dawo. An yi ta ce-ce-ku-ce, domin maƙwabta masu rayuwa da kuɗin farauta sun ga kamar ana rage musu abinci, kuma ni ban ga laifinsu ba, kowa da inda cikinsa yake. Sai dai abin da ido ya gani ba ya buƙatar shaida. Idan mutum ya wuce Linn of Dee, inda kogin yake matsewa ya bi ta wani siririn tsagin dutse, ya shiga kwarin da ke bayansa, zai ga 'ya'yan fain da ba a iya ƙirgawa sun kewaye tsofaffin, wasu iya gwiwa, wasu sun fi mutum tsayi. Aikina shi ne in tsuguna da awo in duba kan kowane tsiro ko an gutsure shi. Na riƙe ɗaya a hannuna, bai fi tsayin yatsa ba, yana fitowa daga cikin gansakuka, babu wanda ya shuka shi, babu wanda ya ba shi ruwa, bakin da yake cin sa kawai aka ɗauke masa.

A wannan tsugunon ne na tuna gonar kawuna a ƙasar Maraɗi, da abin da suke kira sassabin zamani. Tun daga farkon shekarun 1980 manoman can suka fara barin tohon da yake fitowa daga kututturen gawo da kalgo da sabara, su zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi su sassabe sauran, su kare su daga awaki da masu neman itacen wuta. Masu bincike sun ƙiyasta cewa gonakin da itatuwa suka dawo ta wannan hanya a Nijar sun kai hekta miliyan 5. Gawo kuma kowa ya san halinsa, yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero hasken rana, ya ba ƙasa taki, da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci. A wajenmu kuwa duk shekara ana taron dashen itatuwa, a kawo dubban tsirrai cikin leda a dasa a gefen titi, kafin kaka ta wuce awaki sun gama da su, alhali saiwar da ta shekara hamsin a ƙarƙashin gona tana toho muna bin ta da gatari da wuta lokacin sharar gona. Abin ya dame ni matuƙa da na ga sai da na zo ƙarshen duniya na gane darajar abin da ake yi tafiyar awa biyu daga gidanmu.

Maganar abinci ba ta da tsawo: hatsin da suke damawa da safe yana kama da kunu mai kauri, naman halal kuma sai na je Aberdeen nake sayowa in adana. Bikin wasanninsu ana yin sa ranar Asabar ta farko a Satumba, 'yan gidan sarauta sukan halarta, ƙarti suna jifa da gungumen itace, ana busa wata algaita mai salka. Batun takardun zama yana buƙatar wasiƙarsa daban, zan rubuto idan Allah ya kai mu.

Ƙanena da yake kula da gonar Baba, ina roƙonka idan sharar bana ta zo ka hana a tone kututturen gawon nan uku da ke kusurwar gabas, da kalgon da ke bakin iyaka. Ka bar wa kowanne reshe biyu, ka kewaye su da ƙaya saboda awaki, kuɗin aikin zan turo maka. Ka ɗauko mini hotonsu kafin ruwan farko, ka sake ɗauka bayan an yi girbi.

Wassalam, ɗan'uwanku a Braemar.