Abin da na makara ban gane ba a koyon jitar jaz

Shekaru huɗun farko da na yi ina koyon jitar jaz, wato salon kiɗan Amurka da makaɗi ke ƙirƙirar sauti nan take yana cikin kaɗawa, idona ne ya yi karatun, kunnena kuwa ban ba shi aikin komai ba. Na cika wayata da bidiyon darussa da zanen wuraren ɗora yatsu, na sayi amfilifaya da kuɗin da ya kamata in biya malami, kullum dare ina hawa da sauka a kan tsirkiyoyi da gudu har na ɗauka na iya. Ranar da na fara zama cikin makaɗa, wani dattijo mai busa saksafon ya ce a yi buluz mai gaɓa 12, wato wani tsarin kiɗa da ake ta zagayawa, kowace gaɓa bugu huɗu, wanda da shi ake fara gwada baƙo, sai na ɓace tun kafin zagaye na biyu ya ƙare. Da aka tashi ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, rera mini da bakinka abin da ka kaɗa ɗazu." Na kasa, domin ban taɓa jin abin a raina ba kafin yatsuna su kai gare shi.

Ku da kuke farawa yanzu, ina so ku san yadda manyan wannan fanni suka koya a Amurka, don da na sani da wuri da ban yi wannan asara ba. Wes Montgomery, mutumin Indianapolis, bai riƙi jita mai tsirkiya shida da gaske ba sai da ya kusa shekara 20, kuma bai dogara da rubutaccen kiɗa ba. Faya-fayan Charlie Christian, makaɗin jita da ya gabace shi, ya riƙa sawa yana maimaitawa, yana kwaikwayon kowane sauti har ya haddace, kuma da wannan haddar ya samu aikinsa na farko a gidan rawa. Shi Christian ɗin ya shiga ƙungiyar kiɗa ta Benny Goodman a 1939, tarin fuka ya kashe shi a 1942 yana da shekara 25, amma ɗan abin da ya bari a faifai ya zama makaranta ga waɗanda suka biyo baya. Hatta taushin sautin da aka san Montgomery da shi ya samo asali ne daga kaɗawa da babban yatsa cikin dare don kada ya dami mutane, ba daga wata na'ura mai tsada ba.

Kuskurena na biyu shi ne raina rakiya, wato kiɗan da ke riƙe wa sauran makaɗa bugu, ina ganin mai fitowa shi kaɗai ya nuna gwaninta shi ne makaɗi. Makaɗin jita Freddie Green ya zauna a ƙungiyar kiɗa ta Count Basie daga 1937 har rasuwarsa a 1987, yana bugu huɗu a kowace gaɓa, da wuya a ji shi ya fito shi kaɗai, amma a kan bugunsa sauran suke tsayawa.

Ban ce ku jefar da waya ba, domin tana da abin da su Montgomery ba su samu ba. YouTube yana ba ku damar rage saurin kiɗa zuwa rabi ba tare da sautin ya sauka ba. Ku zaɓi gaɓa huɗu kacal, ku saurara har ku iya rera su da baki, sannan ku nemo su a jita ba tare da duba zanen kowa ba. Ku kunna manhajar ƙirga bugu ta riƙa faɗawa a bugu na 2 da na 4, ku naɗi kanku na minti biyu, ku saurara washegari da safe. A naɗina na farko na ji ina riga bugu gudu a duk wurin da na ji tsoro, kuma sai da na yi wata shida kafin na gyara wannan kaɗai.