Hotunan da suka cinye mini rabin albashi

Ƙarshen watan nan zan bar shagon buga takardun da nake aiki a bakin ƙofar jami'a. Yaron da zai gaje ni ya ɗauka saurin yatsa ne sana'ar. Hotuna ne za su fara kunyata shi, shi ya sa nake rubuta wannan.

Maigidanmu yana da doka: duk hoton da aka liƙa a manhajar rubutu ta Word a mayar da shi Square, wato tsarin da rubutu ke zagaye hoto, don a ja shi da maus a ajiye inda aka ga dama. Har cikin File, Options, Advanced ya shiga, ya sauya layin nan na Insert/paste pictures as a kowace kwamfuta. Ga katin biki ko fosta mai shafi ɗaya babu laifi, amma furojet mai babi biyar wata magana ce daban. Da na yi masa maganar, sai ya ce, "Kai yaro, tun zamanin Word 2003 nake cin abinci da wannan."

Wata ɗalibar labarin ƙasa ta kawo aikinta cike da taswirori, na jera su bisa dokar shago. Malaminta ya ce ta ƙara sakin layi biyu a babi na huɗu. Ranar ba na nan, maigida da hannunsa ya ƙara, ya buga, ya aika bayindin, wato a haɗa shi a sa masa bango, ko dubawa bai yi ba. Taswira ɗaya ta hau kan jadawali, wata ta tsallaka shafin gaba ta bar bayaninta a baya, biyu sun rufe juna. Kuɗin takarda da tawadar firinta da bango daga albashina aka cire, kuma a gaban kwastomomi aka sanar da ni. Na ce, "Alhaji, ai tsarin da ka ce ne." Ya ce in ba rashin kunya ba, wa ya jera hotunan?

Word hanya biyu kawai yake ɗaukar hoto. In Line with Text, wanda da shi Word yake zuwa kafin wani ya taɓa, yana sa hoto cikin layi ya tafi da rubutu duk inda ya nufa. Hanya ta biyu ita ce sauran tsare-tsare shida, su Square da Tight da Behind Text, shawagi suke a kan shafi, amma kowanne a ɗaure yake da wani sakin layi, kamar akuya da turkenta. Danna hoton, za ka ga 'yar alamar anga a gefen hagu, nan turken yake. Idan sakin layin ya koma shafin gaba, hoton ya bi. Idan ka goge shi, hoton ya tafi tare da shi. Fix Position on Page ma bai raba su ba: wurin zama a shafi yake kafewa, amma turke na sauya shafi, hoton zai koma daidai wannan wurin a sabon shafin. Kuma in ka yi Insert Caption a hoto mai shawagi, bayanin cikin akwatin rubutu yake faɗawa da nasa turken daban. Abin da ya raba taswirar ɗalibar nan da bayaninta ke nan.

Don haka a dogon aiki, ba hoto layinsa shi kaɗai, bar shi In Line, kai shi tsakiya, sannan ka sa wa layin Keep with Next don kada ya rabu da bayanin da ke ƙasansa. In ka liƙa ka ga siririn yanki kawai ya fito, tazarar layin tana kan Exactly, mayar da ita Single.

Hoto biyu gefe da gefe, jadawali marar layi ne maganinsu. Duba ko takardar A4 ce ko Letter kafin ka fara, musamman fayil ɗin da aka taɓa a waya da manhajar rubutu ta WPS. Kada ka buga komai sai ka mayar da shi PDF ka bi shi shafi-shafi.

Bayan abin nan na mayar da kwamfutata In Line ban gaya wa kowa ba, daga baya na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Har yau maigida bai lura ba. Kwanaki na ji yana gaya wa wani malami cewa shagonsa ne kaɗai a layin nan hotuna ba sa tsalle, saboda tsarin da ya shimfiɗa. Maganar kuɗina kuwa bai sake tayar da ita ba.