Masu Sayen Wahala da Kuɗinsu: Sana'ata a Modena

Shagona ɗaki ɗaya ne da 'yar kusurwar ajiya, a wani layi da ke gefen birnin Modena a arewacin Italiya. Wanda ya leƙo zai ce mai gyaran rediyo ne, kuma bai yi ƙarya ba, da wannan sana'a na tashi a zangon Kumasi, gaban wani maigidana da ya koya mini riƙe ƙarfen dalma tun ban fi tsayin teburinsa ba. Sai dai a nan babu mai kawo rediyon kicin gyara, idan ta lalace a shara take kwana. Kuɗin haya da na haraji daga gyaran amfilifaya nake samo su, da fanel-fanel na injinan da ƙananan masana'antu ke aiko mini. Ɗaya ɓangaren aikin, wanda ya fi cin lokacina kuma ya fi ƙarancin riba, shi ne na mutanen da ake kira radioamatori, masu lasisin magana da juna ta iska a gajeren zango. A cikinsu ma ba kowa ba, waɗanda suka ɗora wa kansu sai sun ƙera na'urar da hannunsu.

Da na zo ƙasar nan a kamfanin tayil na fara aiki a yankin Sassuolo, kamar yawancin 'yan Gana da ke wannan lardi. Wani dattijo ɗan fansho, maƙwabcina a bene, ya gan ni wata rana ina gyara wa wani ɗan'uwa rediyon mota a bakin ƙofa. Ya tsaya ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya ce in biyo shi. Ya kai ni ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa. Ban taɓa ganin irin wannan tarkace a wuri ɗaya ba: bawul-bawul, wato kwalaben gilashi na cikin tsofaffin rediyo, a kwalayen takalmi, taransifoma kamar duwatsun murhu, mujallu jere har rufi. Ya kunna wani akwatin alminiyam da ya huda da kansa, ya yi ta ƙwanƙwasa maɓallin tangaraho, can sai ga amsa siririya tana fitowa daga cikin shuu ɗin iska. Ya rubuta lambar kiran mai amsar, wadda ake ba kowane mai lasisi, a takarda ya turo mini, ya ce mutumin a Finlan yake. Na tambaye shi me suka ce wa juna. Ya ce sunansu, da garinsu, da yadda kowa ke jin ɗan'uwansa, sai sallama. Na ce a raina, wannan tsoho da tarho a aljihu, me ya yi zafi?

Na ɗauki shekaru kafin in gane cewa ba maganar ce ta dame su ba. Abin da suke nema shi ne a ce wayar da suka naɗa da yatsunsu ita ta kai muryarsu ƙetaren teku. A shagunan Italiya akwai na'urorin Icom da Yaesu da Kenwood, ka biya ka kunna ka yi magana da Japan. Mutanena sun san da su, wasu ma suna da su a gida an lulluɓe da ƙyalle. Amma sun fi son su kwana uku suna neman inda ƙara ke shigowa a abin da suka haɗa. Suna kiran wannan autocostruzione, wato ƙera abinka da kanka. Ni ina ce musu masu sayen wahala da kuɗinsu, su yi ta dariya, don sun san gaskiya ce.

Abin ya samo asali a ƙasar nan. Tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga shagona akwai Villa Griffone a Pontecchio, kusa da Bolonya, gidan da Guglielmo Marconi, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro rediyo, ya yi gwajinsa a 1895, ya aika alama ta haye tudu aka harba bindiga daga can don ya san ta isa. A 1901 ya sa harafin S ya ƙetare tekun Atlantika daga Poldhu a Ingila zuwa Newfoundland a Kanada ta yau, a 1909 aka ba shi kyautar Nobel tare da Bajamushe Ferdinand Braun. Kowane tsoho da ke shigowa shagona sai ya ba ni wannan labari kamar kakansa ne ya harba bindigar. Ƙungiyarsu ta ƙasa, ARI, tun 1927 take, tana da reshe a kusan kowane babban gari. Da yawa daga kwastomomina kuma ba su taka jami'a ba. Ta gidan waya suka yi karatu, a makarantar Scuola Radio Elettra ta Turin da aka buɗe a 1951, wadda ta riƙa aiko darasi haɗe da kayan aiki, ɗalibi ya fara da haɗa mitar awonsa har ya kai ga rediyo. Daga baya mujallar Nuova Elettronica ta Bolonya, wadda ta fara fita a 1969, ta riƙa buga zane tana sayar da kayan haɗinsa a leda, kowanne da lambarsa mai farawa da LX. Har yau mutum zai shigo ya kira mini lambar LX kaza da ka, kamar yana kiran sunan ɗansa.

Wanda ya fi ba ni darasin kasuwanci shi ne kamfanin Geloso na Milan, da aka kafa a 1931 ya rufe a 1972. Sun lura cewa a na'urar aika magana akwai ɓangare ɗaya da ke gagarar mai haɗi a gida, wato wanda ke haifar da mitar da za a yi magana a kanta ya riƙe ta kar ta zame. Sai suka riƙa sayar da wannan ɓangare a haɗe, an daidaita shi, su bar wa mutum sauran: ya sayi bawul 807, ya naɗa kwayil, wato wayar da ake naɗewa zagaye-zagaye, ya huda akwati. Mutum ya gama ya bugi ƙirji ya ce shi ya ƙera, kuma ba a ce ya yi ƙarya ba. Da na buɗe shago wannan hanya na bi, sai dai abin da ke gagarar mutanena yanzu daban ne. Ilimi suna da shi, sun ninka ni. Ido ne ya tafi, hannu kuma ya fara rawa.

Ga misali. Aikin da akwatin Geloso ke yi da bawul uku, yau wani ɗan guntun kayan lantarki mai kama da ƙwaro ne ke yin sa, mai suna Si5351. Faɗinsa milimita 3, ƙafafunsa 10, tsakanin ƙafa da ƙafa rabin milimita. Ana haɗa shi da wani ɗan allon kwamfuta, Arduino, wanda shi ma a Italiya aka ƙirƙiro shi, a garin Ivrea a 2005, sai a sami mita tsayayya kamar an kafa ta da ƙusa. To ka ba ɗan shekara 78 wannan ƙwaro ka ce ya liƙa. Idan ya yi atishawa ma ya ɓata. Ni nake liƙa musu shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma: in ɗan shafa man liƙi, in kama ƙafa ɗaya ta kusurwa, in duba ko ya zauna daidai, in kama ta ɗaya kusurwar, sannan in ja dalma a kan sauran a shafa ɗaya, in tsotse wadda ta haɗe ƙafa biyu da igiyar jan ƙarfe. Minti biyar ne. Suna karɓa su juya shi a tafin hannu su ce, sauran nawa ne. Ban taɓa yi musu musu ba.

Sauran abin da nake sayarwa ƙananan kaya ne da manyan dillalai ba sa kula mai son guda uku: zoben kwayil ja T50-2 da rawaya T50-6, wayar jan ƙarfe mai fenti awo-awo, taransista IRF510 da aka yi don aikin wuta amma masu rediyo suka gano tana fitar da 'yan wat a gajeren zango da araha, kiristal da na zauna na auna ɗaya bayan ɗaya na ware waɗanda mitarsu ta zo ɗaya. Wannan na ƙarshe aikin haƙuri ne, ka auna ɗari ka fitar da rukuni-rukuni na huɗu ko biyar. Tun da zanen na'urar rediyo mai suna BITX na Ashhar Farhan ɗan Indiya ya yaɗu, buƙatarsu ta ƙaru, don tacewar murya a wannan na'ura da irin waɗannan kiristal ake yin ta. Doka a nan ta ba mai lasisi damar wat 500, amma yawancin mutanena wat 5 suke so, abin da suke kira QRP, su rataya waya mai tsawon mita 10 kowane gefe tsakanin baranda da itace su shiga layin da ake kira mita 40 a gajeren zango. Wanda ya saba neman sashen Hausa na BBC a gajeren zango ya san yadda iskar nan take, da rana wata, da dare wata.

Kwayil ne ya taɓa kunyata ni. Wani reshe na masu rediyo ya ba ni aikin leda 30 na matatar da ake sawa a bakin eriya, ta layin mita 20, don su yi zaman haɗi tare. Matatar nan ita ke hana na'ura fesa ƙara a mitocin da ba nata ba. Zanen ya ce naɗi 12 a kan zobe rawaya. A lokacin ɗan yayata ya fara zama da ni, na nuna masa sau ɗaya na tafi kai wani fanel. Ƙa'idar ita ce duk sanda waya ta ratsa ramin zoben, naɗi ɗaya ke nan. Shi kuwa ta bayan zoben ya riƙa ƙirga, kowanne ya tashi 13. Na dawo na ga aiki tsaf, ban ƙirga ba, na ƙulle leda. Ranar zaman aka kira ni: babu na'urar da ta kai wat 5. Na je da na'urar awo NanoVNA, na ɗora ɗaya, na ga layin awon da ke fuskarta ya faɗi tun kafin ya kai inda ya kamata. Wani tsoho ya riga ni, ya sa tsinken sakace yana ƙirga naɗin da ƙarfi a gaban kowa, uno, due, tre, har 13. Na so ƙasa ta tsage. Muka zauna ni da su muka warware naɗi ɗaya-ɗaya, muka kankare fenti, muka sake liƙi har dare. Abin mamaki, sun fi jin daɗin wannan dare fiye da a ce komai ya tafi daidai. Da na koma yaron ya sunkuyar da kai ya ce, “Kawu, laifina ne.” Na ce masa, “Kai ka naɗa, ni na ƙulle leda. Ɗauko zobe mu ƙirga tare.” Tun ranar babu kwayil da ke fita shagon sai ya hau na'urar awo.

Wani abu da na daɗe ban saba da shi ba: a tsakaninsu babu girmamawar harshe. Likita da lebura, yaro da tsoho, kowa “kai” yake ce wa ɗan'uwansa, ya kira shi da sunan yanka ko da lambar kiransa. Ni da aka rene ni a kan ba a kiran sa'an uba da suna, bakina ya ƙi. Maƙwabcin nan nawa ya yi ta faɗa, na ce ya yi haƙuri, Maestro, wato malam, zan ci gaba da ce masa. Shi ya matsa mini na zauna jarrabawar lasisi. An daina tambayar tangaraho a jarrabawar tun 2005, amma ya ce wannan maganar gwamnati ce, a ɗakinsa sai na koya. Lambobin kira na yankinmu na Emilia-Romagna 4 ne a tsakiyarsu. Da suka ji daga Gana nake, sai roƙo ya tashi: in na je gida in tafi da na'ura, don lambar 9G ta Gana, da 5N ta Nijeriya, da 5U ta Nijar, ba kasafai ake jin su a iska ba, kuma kowa na son katin shaidar ya yi magana da can. Na yi alkawari sau uku. Duk zuwan da na yi, biki da gaisuwar rasuwa ke cinye kwanakin, ga shi sai an nemi izinin hukumar can tukuna.

Kasuwarmu babba ita ce ta Marzaglia, a nan bayan gari, wadda reshen ARI na Modena ke shiryawa a watan Mayu da Satumba. Gwanjo ce zalla, mutum ya buɗe bayan motarsa ya baza. Tun asuba ake zuwa da tocila, don abin kirki ba ya kai hantsi. Akwai manyan baje koli a Montichiari da Pordenone, amma can rabin rumfunan sun koma na cajar waya da fitilu. A Marzaglia nake sayen bawul da tsofaffin kapasita masu juyawa waɗanda ba a ƙera irinsu yanzu, a can kuma nake ganin inda sana'ar ta dosa, don kowace shekara kayan da ake bazawa suna ƙaruwa, masu saye suna raguwa. Yawancin kayan na mamata ne. Idan ɗayansu ya rasu sukan ce maɓallinsa ya yi shiru, bayan wata biyu sai matar ko 'ya'yan su kira irina a zo a kwashe ɗakin. Nakan faɗa musu farashin gaskiya, har in nuna musu abin da bai kamata su sayar mini da arha ba. Akantana yana ganin wannan wauta ce.

Na Maestro ban saya ba, 'yarsa ce ta kawo mini da kanta a mota, kwali tara, bara da kaka. A cikin na bakwai akwai na'urar mita 40 da bai gama ba, da littafinsa na aiki, ya zana komai da fensir har inda ya tsaya. Saura matatar bakin eriya da akwati. Ya rubuta naɗi 15 a kan zobe ja, ya ja layi biyu a ƙarƙashin lambar, ina jin saboda ni. Yaron ya naɗa su jiya, na auna, sun zauna daidai. Akwatin alminiyam ne ban samu mai girman da ya zana ba, sai dai in duba a Marzaglia ranar Asabar.