Mako Guda a Tsibirin Sent Helena

Ranar Asabar muka tashi daga Johanasbag, muka yada zango a Namibiya aka sha mai, daga nan kuma sai ruwa iya ganinka. Na yi ta leƙen taga har gyangyaɗi ya ɗauke ni. Sai da na kusa da ni ya taɓa ni na farka, na hangi wani baƙin dutse tsaye a tsakiyar Tekun Atlantika. Sent Helena ke nan, tsibirin da ke ƙarƙashin Ingila. Faɗinsa murabba'in kilomita 122 ne, mutanensa ba su kai 5,000 ba, tsakaninsa da gaɓar Afirka kuwa kusan kilomita 1,900. Saukar ba ta wasa ba ce, don a bakin gangare aka gina filin jirgin, iska na kaɗa mu hagu da dama. Na yi salati ya fi a ƙirga. Kafin 2017, in ji mutanen wurin, sai dai ka shiga jirgin ruwa daga Keftawun ka kwana biyar a hanya.

Babban garin, Jemstawun, a matse yake cikin kwari tsakanin duwatsu biyu, kusan titi ɗaya ne ya ratsa shi har bakin teku. Abin da ya fara ba ni mamaki gaisuwa ce. Duk motar da ta gifta sai direba ya ɗaga maka hannu, ko ya san ka ko bai san ka ba. Fuskokinsu kuwa ba ka iya cewa ga asalinsu, domin jinin Turawa da na bayin Afirka da Madagaska da Indiya da leburorin Sin duk ya cakuɗe. Lokacin da 'yan Fotugal suka iso a 1502 babu ɗan Adam ko ɗaya a tsibirin, saboda haka kakan kowa a nan baƙo ne. Abinci bai ba ni wahala ba. Kifi na riƙe safe da yamma, musamman wani ƙosan kifi mai yaji da har yanzu nake marmarinsa.

Kwana na biyu na yi gangancin hawa Tsanin Yakubu, matakala 699 da ta miƙe daga gari zuwa ƙolin dutse. Ban kai rabi ba gwiwoyina suka fara rawa, wata yarinya 'yar makaranta ta wuce ni da gudu tana dariya. Na kuma je gidan gwamna na ga Jonatan, kunkurun da aka kawo a 1882 yana babba, ana kyautata zaton a wajajen 1832 aka ƙyanƙyashe shi. Ya makance, yana kiwon ciyawarsa, ko ta kanmu bai bi ba.

Amma duk baƙon da ya zo, Nafoliyon ake fara kai shi ya gani. A nan Ingilishi suka tsare Sarkin Faransa daga 1815 har ya mutu a gidan Longwud a 1821. Gidan da kabarin mallakar Faransa ne, tutarta ke kaɗawa a kai. Kabarin na cikin wani kwari mai sanyi, an share, an kewaye da ƙarfe, ga furanni. Sai dai ba kowa a ciki, tun 1840 aka tone gawar aka kai Faris. Ba shi kaɗai aka yi wa ɗaurin talala a tsibirin ba ma. Sarkin Zulu Dinuzulu ya zauna daga 1890 zuwa 1897, fursunoni kusan 6,000 na yaƙin da Ingila ta yi da Buwa, wato Turawan Afirka ta Kudu, suka biyo baya.

Dattijon da ke tuƙa ni ne ya dube ni ya ce, "Ɗana, tunda daga Afirka ta Yamma kake, akwai inda ya fi wannan cancantar ka gani." Ya gangara da ni Kwarin Rufat. Ba furanni a nan. Ƙasa ce busasshiya, ga tankunan mai, ga manyan motoci na tayar da ƙura. Daga 1840, idan sojojin ruwan Ingila suka kama jirgin fataucin bayi, nan suke sauke mutanen ciki. Kimanin mutum 25,000 aka sauke, akasarinsu daga yankin Angola da Kwango. An ce an 'yanta su, amma sun iso da zazzaɓi da atuni da agana, wajen 8,000 ba su fita daga kwarin ba. Waɗanda suka rayu ma ba gida aka mayar da su ba, yawanci gonakin rake na Karibiyan aka tura su ƙwadago.

A 2008, ana shirin fitar da hanyar aikin filin jirgi, aka tono ƙasusuwan mutum 325. Da yawansu yara ne, wasu an binne su da 'yan duwatsun wuyansu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ƙasusuwan nan sun shekara 14 a cikin akwatuna a wani sito kafin a sake binne su a 2022. Kabarin da ba gawa ana share shi kullum, su kuwa suna sito. Na tsaya na rasa abin faɗi, na dai cire hulata na riƙe. Dattijon ya koma mota ya kashe injin, bai ce in yi sauri ba.

Da za mu tafi ya nuna mini bakin ruwa, inda igiyar intanet ta ƙarƙashin teku ta shigo tsibirin. Ita ce wadda Google ya shimfiɗa, ta kuma biya ta Legas, aka sa mata sunan Equiano, mutumin da aka sace yana yaro daga ƙasar Ibo aka sayar. Ta cikinta na kira Hajiyarmu da daddare. Tambayarta ta farko, ko na gane alƙibla a wannan wuri. Na ce mata arewa maso gabas ce.